Zanen Inna

Zariya, farkon watan Rajab

Zuwa ga angona, Kaka Hamidu gyartai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya ƙafar taka? Ya Gwaggo Tasalla da yaranta? Ni ma lafiya lau nake, karatu ne kawai ya sha mini kai. Tun da ka rantse ba za ka ƙara kara waya a kunnenka ba, ga takarda nan, Halliru direba zai kawo maka.

Kaka, alfarma nake nema. Bana ce shekarata ta ƙarshe, kuma a sashenmu na fasaha dole kowane ɗalibi ya kawo abu ɗaya a baje shi a babban zaure, ya tsaya gaban malamai ya kare dalilin kawo shi. Wanda bai yi ba, ba zai fita ba. Tun ranar da aka faɗa, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai: zanen Inna Salma, wanda ya rage ɗin nan, da ka taɓa ce mini har mutanen Kwanni kan tsaya kallonsa ran kasuwa. Don Allah a ara mini. Zan kula da shi kamar idona.

Amaryarka,
Shahida

*

Illela, tsakiyar Rajab

Zuwa ga amaryata mai gudun miji,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Tasalla ta karanta mini, kuma ita ce ke rubuta wagga. Na ce ta rubuta yadda nac ce, tana ta gyara mini magana ta koma irin ta rediyo. In kin ga wurin da ya yi santsi, hannunta ne.

Ƙafa da sauƙi, sai in na daɗe zaune. Ido ne dai ya fara yi mini rowa. Yara lafiya lau. Akuyar Tasalla ta haihu biyu, ɗaya bai zauna ba.

Batun waya kuwa, ban rantse ba, na dai ƙi. Mutum shina magana kamar daga cikin rijiya, kafin ka ce mi, ya wuce. Takarda ko, in ban ji ba sai in ce a maimaita.

Ga zanen nan na ba Halliru. Ki sani ba kowa zan ba shi ba. Da kakarki ta rasu anka zo rabon kayanta, mata sunka ɗebe tasoshi da tukwane, ni nac ce ba ni son komi sai wanga zane. Anka yi ta dariya, wai mi namiji zai yi da zane. Na sa shi ƙasan adaka, ban sake buɗewa ba sai shekaranjiya. Saƙi ne na hannu, baƙin rini da ratsin fari, masaƙan Araba na da sunka yi shi, yanzu ko ɗaya babu. Shi take ɗaurawa ran Lahadi in za ta kasuwa. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, amma ran da ta ɗaura shi ni ma sai in ja baya in ba ta hanya.

Da na ɗago shi na ji warin hayaƙin ɗakinta bai fita ba. Na yi ta shafa shi har Tasalla tac ce, "Baba, ko a bari?" Nac ce a'a, jikarta ce ta tambaya, kuma na ji daɗi da boko bai mantar da ke ita ba. Kar ki wanke shi da sabulun gari. Kar ki bar maza su taɓa.

Mijinki na fari,
Hamidu

*

Zariya, ƙarshen Rajab

Kaka,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da ido. Allah ya ƙara sauƙi. Saƙo ya iso, kuma da na kwance ƙullin na ga abin da ke ciki, sai da na yi kuka. Ban san ma yana nan ba. Na gode.

Amma Kaka, ka yafe mini, an samu kuskure, kuma laifin rubutuna ne. Ba zanen ɗaurawa nake nufi ba. Zanen da Inna take ƙonawa a jikin ƙwarya da wuƙa mai zafi nake nufi, babbar ƙwaryar nan da ta rage, wadda ta tsage ka ɗinke ta. A baki kalmomin biyu sun bambanta, a takarda kuwa iri ɗaya ake rubuta su. Da na ce ƙwarya kai tsaye da ban sa ka buɗe adaka ba.

Ga dalilin da ya sa ita nake so. A ajinmu gardama ake yi tun bara a kan mene ne fasaha. Wani malaminmu ya ce fasaha ita ce abin da aka yi don a kalla kawai, in ana amfani da abu to sana'a ce. Wata malama ta ce ba haka ba ne, duk abin da aka ɗauko aka ajiye a zaure mutane suka tsaya a kansa ya zama fasaha, ko da tsintsiya ce. Akwai ma masu cewa a daina wahala, ba a iya yi mata iyaka. Ni ina so in ajiye ƙwaryar Inna a gabansu in ce: ga wannan, ku faɗa mini a wane ɓangare take. Na riga na ba da sunanta a matsayin aikina, ba a canzawa.

Ina jiran amsarka.
Shahida

*

Illela, ƙarshen Sha'aban

Shahida,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Na san kin ga shiru, Halliru ya zo sau biyu na ce ya wuce. Ba ciwo na yi ba, fushi na yi. Na ɗauko abin da ban taɓa nuna wa kowa ba, ashe ba shi ake so ba. Tasalla na ta ba da haƙuri wai ita ta karanta ba daidai ba. Nac ce mata ba laifinta ba ne, laifin rubutun da ba shi iya raba tufa da aikin wuƙa ne. To, ya wuce. Zanen ki riƙe, ba a maido kyauta.

Ƙwarya kuwa ba ta hannuna. Tana wurin Adda, Bafillatanar nan ta rugar bayan Gidan Katta, aminiyar kakarki. Salma ta yi mata ita da hannunta, kuma har yau da ita take kawo nono gari. Ba zan je in ce tsohuwa ta juye nononta a ƙasa don a kai ƙwarya makaranta ba. Kuma ki sani, ƙwaryar da anka daina sa wa nono bushewa take yi, ta yi fari, ƙwari su shige ta. Abin da anka ajiye don kallo kaɗai ya mutu, saura a binne.

Sai wagga kalma taku. Na sa Tasalla ta maimaita mini wurin har sau nawa. Fasaha. A rediyo in sun ce fasaha, injin ban ruwa suke nufi da wayar hannu. In maroƙi ya iya jera magana, a ce yana da fasaha. Yaron da ya iya ƙarya ma na ji an ce da shi haka. Yanzu kuma ga tsintsiya ta shigo. Wane irin buhu ne wanga da ke cin komi?

Malaminku na fari bai san Salma ba. Ba ta taɓa zana ƙwaryar da ba za a ci ko a sha a ciki ba, kuma in ta gama sai ta riƙe ta nesa da fuska, ta karkata kai, ta daɗe tana dubawa. Malamar kuwa, ki tambaye ta: in na kai mata takalmina ta aza bisa tebur, ni na zama gwani ko ita?

Tun da manya sun kasa, bari jahili ya faɗa miki, ki kai musu. Kowane aiki yana da inda ya isa. Ƙwarya in an fafe ta, an kankare, ba ta yoyo, ta isa. Abin da hannu ya ƙara bayan aiki ya isa, ba wanda ya sa shi, ba don ya ƙara ƙarfi ba, to shi ne abin da kuke nema. Aikin Salma ke nan. Nawa kuwa gyara ne. A kawo mini fasasshe, in huda da basilla, in ja zaren kaba, ya daina zuba, a tafi. Ko mahaifina da ya koya mini bai kira shi komi ba sai gyara. Kar ki sa ɗinkina cikin maganarku.

Hamidu

*

Zariya, farkon azumi

Angona mai fushi,

Barka da shan ruwa. Ina fatan azumi bai taɓa ƙafar ba. Na karɓi faɗan, na cancanta.

Na karanta wa ƙawayena ma'anar da ka bayar, har wata ta kwafe ta. Amma Kaka, ina da tambaya. Ina da hoton ƙwaryar a wayata tun bikin yayana Faruk, lokacin tana rumfarka ka gama ɗinke ta, na buɗe shi na ƙura ido. Tsagar ta sauko ne a miƙe daga baki. Ɗinkinka kuwa bai tsaya a miƙe ba. Inda ya iso layukan Inna masu kama da ƙafar kaza, ka karkata zaren ya bi su, kuma a ƙasa, inda tsagar ta riga ta ƙare, ka ƙara ɗinki uku a jere don su yi daidai da nata na ɗaya gefen. Waɗannan ukun me suke riƙewa? Wa ya sa ka? In ma'anarka gaskiya ce, ka shiga buhun da kanka.

Ba don in ci ka da gardama na faɗa ba. Bayan sallah da mako biyu za a buɗe zauren. In ƙwaryar ba ta zo ba, sai baɗi, in maimaita shekara. Ban ce ka ƙwace wa Adda ba. Ka dai tambaye ta, in ta ce a'a na haƙura.

Shahida

*

Illela, bayan sallah

Amarya mai idon shaho,

Barka da sallah, Allah shi maimaita mana. Mun sha ruwa lafiya, ƙafa ta ɗan kumbura a goman ƙarshe, amma kumburin ya sace.

Batun ɗinki uku: zare ne ya rage, ban son ɓarna. Tasalla na dariya tana rubutawa, na ce ta rubuta hakanan. In kuma ma'anar da na ba ki ce ta jawo wanga, na janye ta. Ki ce wa ƙawarki ta goge. Na yi kwanaki ina neman wata wadda za ta ɗauki aikin Salma ta bar nawa a waje, duk wadda na ɗinka sai ta yi yoyo ta wani gefe. Wataƙila masu cewa a daina wahala sun fi ku hankali.

Ran Lahadi na tare Adda bakin rumfata. Ban so ba, amma ba zan bari ki maimaita shekara ban buɗe baki ba. Ta sauke ƙwaryar, ta zauna bisa turmin da nake aiki a kai, nac ce mata jikar Salma na son aron wagga, za a kai ta Zariya a aza bisa tebur.

Tac ce, "A sa mi a ciki?"

Nac ce, "Ba komi. Kallo za a yi."

Ta leƙa cikin ƙwaryar, sannan tac ce, "Yunwa ake yi can?"

Nac ce, "A'a, ƙoshi ne ya yi musu yawa. Ki ce ba ki badawa, in rubuta mata, magana ta ƙare."

Tac ce, "Kai gyartai, kai ke son in ce a'a, ka ɗora mini. Ran da Salma ta ba ni ita, ce mini ta yi, Adda, ki riƙa aza ta ta wanga gefe, nan ne ya fi kyau, mutane su gani. Da nono kaɗai take nufi, da ba ta ƙone yatsunta ba. Ɗiyar ta ɗauka."

Nac ce, "Za ta bushe."

Tac ce, "Ni ma na bushe, ga ni ina yawo."

Kin ji tsohuwar banza. Washegari ta aiko da ita a wanke, da faifanta. Na duba ta ko'ina da hannu, tun da ido ba shi da tabbas, ba sabuwar tsaga. Na naɗe ta cikin tsohon bargo na sa a kwando, na ce wa Halliru in ya aza ta bayan mota tare da buhunan albasa, kar ya sake biyowa ta ƙofata. A gaba za ta zauna, bisa cinyar mutum.

Ga sharaɗi. Kowace safiya ki shafa mata ɗan man shanu a ciki da tsumma, ba man gyaɗa ba. Kar a aza ta inda rana ke bugawa. Kar a ɗauke ta ta baki, a tallabe ta ta ƙasa. In sun tambayi wanda ya yi, ki ce Ummu Salma ta Illela. In sun tambayi ɗinki, ki ce jaki ya ture ta, anka gyara.

Allah shi ba ki sa'a a gabansu.
Hamidu

*

Zariya, watan Zulƙida

Kaka,

Ina gaisuwa da babbar murya. Na fita! Ƙwarya ta iso lafiya, kuma ban fasa shafa man ba ko sau ɗaya, har masu gadin zauren suna kirana mai nono.

Malaman nan biyu sun tsaya a kanta sun yi ta gardama har suka manta da ni. Shi ya ce zanen fasaha ne, ƙwaryar sana'a. Ita ta ce ya raba su da wuƙa ta gani. Ba su daidaita ba, amma duka biyun sun sa mini hannu. Na faɗi maganar jaki kamar yadda ka ce. Sai dai na ƙara da sunanka, ka yi haƙuri.

Yanzu ga wata magana. Sashenmu yana da ɗakin ajiya na dindindin, sun roƙa a bar musu ita, a sa ta cikin gilashi da sunan Inna a rubuce, ɗalibai su riƙa gani shekara da shekaru. Suna da maganin ƙwari, ba za ta lalace ba. Ni dai na so, amma na ce ba tawa ba ce. Ka tambayi Adda, abin da kuka ce shi za a yi.

Amaryarka mai digiri,
Shahida

*

Illela, kafin babbar sallah

Shahida,

Alhamdu lillahi. Tasalla ta yi guɗa har maƙwabta sunka leƙo. Allah shi sa albarka, shi sa ki ci moriyarsa. Mu lafiya lau, ruwa ya sauka, an yi shuka. Sunana da kinka faɗa, na ji, za mu yi wagga shari'a in kin zo.

Na kai wa Adda maganarki. Na ɗauka za ta tashi da faɗa. Sai tac ce, "Su riƙe. Wuyana ya gaji, robar nan da nake ɗauka yanzu ta fi sauƙi, kuma jikokina ba mai son tallan nono. In na mutu a rugarmu awaki za su sha dusa a cikinta. Gara gilashin." Tac ce sauran magana tawa ce, tun da ni ne ɗan'uwan mai ita.

To ga ni, an bar ni ni kaɗai. Mai ƙwarya ta yafe. Ke kina so. Malamai na so. Na san kuma gaskiyarsu, can za ta fi daɗewa, sunan Salma zai kai inda ƙafarta ba ta kai ba. Na nemi hujjar da zan ƙi, ban samu ba.

Amma bari in gaya miki abin da ya same ni tun da ta tafi. Adda na wucewa ta gaban rumfata da hantsi kamar kullum, da farar roba a kai, mu gaisa, ta wuce. Sai in ga hannuna ya tsaya da aiki, ban san mi nake jira ba. Ni ba mai shan nono ba ne, ba shi karɓata, ban taɓa sayen na Adda ko ludayi ɗaya ba. Ashe duk shekarun nan, in ta taho daga nesa, ƙwaryar nake tarba da ido. Tana matsowa layukan na fitowa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo daidai ni, in ga hannun yayata, ta wuce, in koma bakin aiki. Ban taɓa faɗa wa kaina ba. Yanzu idon ma saura kaɗan, abin da ke nesa ya riga ya tafi, sai na kusa.

Ki ba malamanku haƙuri. Ki ce tsohon ba shi da dalili, so yake ya gani. In na rufe ido ku zo ku ɗauka, na yarda, Tasalla shaida ce, ga shi ta rubuta. Kafin nan ki kawo mini ita da kanki da sallah, kar ki ba Halliru.

Tasalla na tambaya wai ina zan aza ta. Na gyara wuri a rumfa, dama da inda nake zama, inda rana ba ta kaiwa. Kuma kar wani ya ce ajiye ta na yi don kallo. Basillata da zaren kaba zan riƙa zubawa a ciki.

Sai kin zo.
Mijinki na fari,
Hamidu gyartai